Motar da Ake Miƙe wa Tsaye

Ranar da Baba ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, a keke napep muka kai shi asibiti a Shika. Ni da maƙwabcinsa muka naɗe shi a kujerar baya, ƙafa ɗaya a waje, duk ramin da muka faɗa sai ya ƙwalla ƙara. Ban taɓa jin muryar mahaifina a haka ba, mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai dai ka gane a idonsa. Kafin mu wuce Samaru na riga na rantse a raina cewa in Allah ya tashi kafaɗunsa, ba zai koma gida a keke ba, ko da gadon da nake kwana a kai zan sayar.

An yi masa aiki, aikin ya yi kyau, sai kuma zazzaɓi ya biyo baya, jini ya hau. Sau biyu ina kiran yayyena da ke Legas da Fatakwal in ce su taho, sau biyu ina sake kira in ce su dakata. Da ya fara farfaɗowa, likita ya ce ko an sallame shi ba zai iya zaman kujera ba tukuna. A kwance za a kai shi gida, a kwance za a riƙa dawo da shi ganin likita. Ni malamar firamare ce a Samaru, na daɗe ina tara 'yan kuɗina don in sayi 'yar ƙaramar mota ta zuwa makaranta. A ranar na canza shawara. Wagon nake so, mai dogon bayan nan, wadda za a kwantar da kujeru a shimfiɗa katifa.

Gara in faɗi halina tun yanzu, ni matsoraciya ce. A filin ƙwallon makarantarmu na koyi tuƙi, inda babu abin kaɗewa sai turken raga, shi ma sai da na kaɗe shi. Ina da lasisi, amma ban taɓa haɗa hanya da tirela ba. Duk da haka ranar wata Asabar na yafa mayafi, na bar Inna a wurin jinya, na nufi Sabon Gari wurin wani dillalin motoci da mijin abokiyar aikina ya kwatanta min.

Tana can ƙarshen fili ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ruwan toka, da ɗan lotsawa a ƙofar hagu. Dillalin, wani gajere mai yawan fara'a, ya riƙa shafa ta kamar saniyar da zai kai kasuwa.

"Malama, hannu ɗaya ce. Wani dattijo ne ya riƙe ta, bai taɓa gudu da ita ba. Wallahi motar nan ba ta san giya huɗu ba."

Na ce a raina, ku dillalai duk motocinku na dattawa ne, ko na wata Hajiya da ba ta fita sai biki. Amma da ya buɗe but ɗin bayan motar sai na sake tunani. An riga an kwantar da kujerun baya, an ɗora katako mai santsi daidai wa daida, an lulluɓe shi da leda mai kauri. Kamar wanda ya ji abin da likita ya faɗa min. Wani ƙamshi na tashi daga ciki, turare-turare, magani-magani, na ce ko dattijon mai sayar da turare ne.

"Alhaji, in mutum ya kwanta a nan, zai miƙe ƙafa? Mahaifina dogo ne."

Ya ɗan dube ni, ya dubi katakon. "Ko ya fi haka tsawo. Malama, ba a taɓa samun wanda ya kwanta a nan ya yi ƙorafi ba."

Har dariya na yi masa. Muka gama magana, aka yi takardu, ya miƙo min makulli yana ta zuba addu'a, Allah ya tsare sharrin ƙarfe, Allah ya sa a kashe lafiya.

Na fito titi. Dabarar da na yi wa kaina ita ce in kunna sigina biyun nan masu ƙyaftawa tare, in tafi a giya biyu, kowa ya gane sabuwar hannu ce ya yi nesa da ni. Kuma dabarar ta ci, har ta wuce yadda na so. A Sabon Gari, inda ɗan acaɓa zai shiga tsakaninka da inuwarka, sai ga masu keke suna ratsewa gefe suna ba ni hanya. Na wuce wata majalisa, dattawa huɗu a kan benci, suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Na ɗaga musu hannu, babu wanda ya amsa. Wata mai gasa masara ta ajiye mafici ta ɗora hannu a ka. Na duba madubi in ga ko wani babban mutum ne ke bayana, babu kowa sai mai kurar ruwa, shi ma ya tsaya cak.

Damina ce, abin goge gilashin kuma ya cinye, sai na tsaya a layin masu kayan mota. Wani Inyamuri mai shago ya fito da sauri, bai ko bari na buɗe baki ba, ya leƙa bayan motar, sannan ya dube ni da tausayi.

"Madam, na who die?"

Wa ya mutu. Abin da ya tambaye ni ke nan, ni da na baro mahaifina a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu.  Na lalubo waya na kira Inna. Ta ɗauka ta ce lafiya lau, ga shi nan yana shan kunu yana faɗa wai an cika tsamiya. Na kashe wayar na zauna ina haki. Da na ɗago, mai shagon ya koma ciki, ni kuma ban iya bin sa in tambaye shi ba.

Mai faci ne ya warware min. Taya ɗaya ta yi sanyi, na gangara wurin wani dattijo da ke da injin iska a bakin hanya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya dafa ta, ya ce, "Allahu akbar. Ashe 'ya'yan sun sayar."

"Malam, don Allah motar wace ce? In ta sata ce ku faɗa min tun ban kwana a ofishin 'yan sanda ba."

"Sata? Wa zai saci wannan?" Ya durƙusa yana kwance murfin iska. "Ta wani tsoho ce a Zabi, Allah ya ji ƙansa, bai daɗe da rasuwa ba. Tsohon direba ne. Duk wanda aka yi wa rasuwa a asibiti, ba shi da halin ɗaukar mota, shi ake kira ya ɗauko gawa. Musulmi ne, Kirista ne, ba ya tambaya, ko kuɗin mai ba ya karɓa. Ba ya hon, ba ya sauri, sigina biyu kawai yake kunnawa." Ya ɗago ya dubi fitilun da har lokacin suke ƙyaftawa. "Kamar dai yadda kika zo ɗin nan."

A nan na gane ƙamshin. Kafur ne da turaren da ake sa wa mamaci. Na shaƙe shi tun daga filin dillali har nan, ina cewa daɗi gare shi.

Yadda na juya motar na koma ban sani ba, fushi ne ya tuƙa. Na samu dillalin yana cin gyaɗa. Na ce masa bai ji tsoron Allah ba, na faɗa masa mahaifina ne ba lafiya, ya dube ni ido cikin ido ya sayar min da makara mai taya huɗu. Ko gezau. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce ciniki ya faɗa, magada sun riga sun karɓi haƙƙinsu.

"Kuma Malama, wace ƙarya na yi miki? Na ce ba ta gudu, na ce hannu ɗaya. Motar lada ce wannan, albarka ce fal a cikinta. Wani ma nemanta yake yi."

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, ɗalibaina na iya karantawa.

Na san camfi ne. Ni ce mai tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa kukan mujiya ba ya kashe kowa. Na san ajali ba a but ɗin mota yake zaune ba. Amma sani daban, abin da ke kama mutum a ƙirji daban. Duk lokacin da na leƙa ta taga na gan ta a tsakar gidan da nake haya, sai in ga kamar jira take yi. Sau uku na wanke ta da garin sabulu, na cire ledar na ƙona, na bar ƙofofi a buɗe rana ta dake ta. Ƙamshin ya ragu, bai tafi ba. Na nemi mai saye a ɓoye, duk wanda ya zo daga cikin gari sai ya gane ta ya ce zai yi shawara.

Inna kuwa ban faɗa mata komai ba, ko cewa na sayi mota. Na san ta. Da ta ji, cewa za ta yi gara a goyo shi a baya daga Shika. Na lallashi kaina da cewa ai tsohon a Zabi yake, mu kuma gidanmu Dogarawa, kuma iyayena ba su daɗe da tarewa a can ba, bayan Baba ya yi ritaya. Ni da nake zaune a Samaru, sai ƙarshen mako nake leƙa su, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace mota ke kawo gawa layinsu ba.

Sallamar ta zo ba shiri, ranar Alhamis bayan azahar. Inna ta koma gida kwana biyu kafin nan saboda ƙafafunta sun kumbura, ni kaɗai ce a wurinsa. Na kira ta ya fi a ƙirga, waya a kashe, ashe iska ta kayar da turken wuta a unguwar, babu mai caji. Ma'aikata biyu suka taya ni muka kwantar da shi a kan sabuwar katifar da na saya, na rufa masa farin zanen gado saboda garin ya haɗa hadari. Ya bi rufin motar da kallo, ya ja numfashi ta hanci.

"Uwata," haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni, "taki ce?"

"Tawa ce, Baba."

"To. Allah ya sa albarka."

A bakin ƙofar fita mai gadi ya ɗaga ƙarfe tun kafin in iso, ya cire hula, ya ce Allah ya ji ƙai. Na sauke gilashi na daka masa tsawa, "Yana da rai!" Baba ya tambaya daga baya me mutumin ya ce, na ce cewa ya yi Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa siginar nan ba. Daga Shika zuwa Samaru muna hira, yana tambayata ko masarar bayan gida ta yi bunni, yana yi min tsiya wai tuƙina kamar na mai ɗauke da ƙwai a faranti. Muna shiga Samaru ruwa ya ɓarke. Irin ruwan nan da ba ka ganin hancin motarka. Wata tanka ta taho ta bayana ta saki hon, ta wuce ta watsa min ruwan kwata a gilashi, ban san lokacin da hannuna ya kai kan maɓallin siginar ba. Kowa ma ya kunna nasa, na ce in ruwa ya tsagaita zan kashe.

"Baba, kuna jin sanyi?"

Shiru.

Na ce ƙarar ruwa ce a kan rufi. Na ɗaga murya. "Baba! Kuna jina?"

Shiru. Na saci kallon madubi. Ba na hango komai sai farin zane, ya rufe har inda fuska take. Ni dai a ƙirji na bar masa shi.

Ya kamata in tsaya, na sani. Na yi ta ba kaina dalilai: gefen titi ya zama kogi, ban san inda kwalbati yake ba, in motar ta mutu ba lallai ta tashi ba, ga manyan motoci a bayana. Duk gaskiya ne, amma ba su ne suka hana ni ba. Tsoro nake ji in tsaya in buɗe zanen nan in sani. Muddin ina tafiya, ina da uba. Na ƙanƙame sitiyari har yatsuna suka sage, ina kuka, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ina ce wa motar, don girman Allah ki yi min rai, wannan karon kawai. Ni da digirina ina roƙon ƙarfe.

Mahaɗar Kwangila da nake jin tsoro tun ranar da na karɓi makulli, ban ma san na wuce ta ba. Ruwan ya koma yayyafi daidai lokacin da na karya kwanar layinmu. Layin duk taɓo ne da ramuka, dole na koma giya ɗaya saboda ƙugunsa, in har akwai sauran wanda zai ji zafin. Siginar na ta ƙyaftawa, na manta da ita sam.

An idar da la'asar ke nan, mutane na tsaye a rumfar masallaci suna jiran ruwa ya ɗauke. Na ga kawunansu sun juyo. Na ga na zaune sun miƙe. Duk layin an san Baba na asibiti, ga motar da suka sani, ga 'yarsa a gaba tana kuka, ga farin zane a baya. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na ji ta cikin gilashi, daga baki zuwa baki. Suka fito cikin yayyafin suka biyo ni a baya, a hankali, daidai tafiyar motar. Wata maƙwabciyarmu ta yar da bokiti ta ruga gidanmu.

Na danna hon don in tsayar da matar. Ko ƙis. Ban taɓa gwada shi ba, ashe ya daɗe da mutuwa. Na sauke gilashi zan yi musu irin tsawar da na yi wa mai gadi, sai maganar ta maƙale. Ban san ko gaskiya ce ba. Mutum talatin sun ce ya rasu, ni kaɗai ce ban duba ba.

Na tsaya a ƙofar gida. Daga ciki kuka ya riga ya tashi. Liman ya matso wurin tagata, ya sunkuyo, ya ce, "Sai haƙuri, Malama. Da yaushe ne?"

 Na fito ina dafa jikin motar har na kai baya, na ɗaga murfin but. Ƙafafunsa ne a wajena, sun leƙo daga ƙarƙashin zanen. Na kama ta dama. Sanyi ƙalau. Na ce shi ke nan, na kawo shi da hannuna.

Sai babban yatsan ya motsa. Zanen ya ja ƙasa, Baba ya fito da fuska yana ƙifta ido, ya ce, "Rufinki na yoyo, Uwata. Daidai goshina."

Wani da ke bayana ya ja da baya da sauri har ya zauna a taɓo. Liman ya yi kabbara, wasu suka kama, wasu suka fashe da dariya suna share hawaye. Ni kuwa na durƙusa a wurin, riƙe da ƙafar, na kasa saki. Maganin da aka ba shi kafin mu taso ne ya sa shi barci. Ya ɗago kai kaɗan ya dubi jama'ar, ya dubi fitilun da ke ƙyaftawa, bai tambayi kowa abin da ya tara su ba.

"Na gane motar nan tun a asibiti," ya ce min ƙasa-ƙasa. "Ni na kama kan gawar maƙwabcinmu aka sauke ta daga nan inda nake kwance. Na ga kin yi ɗawainiya, shi ya sa ban ce komai ba."

A lokacin mutane suka dare, Inna ta fito daga zaure, mata biyu na riƙe da ita. Ba takalmi a ƙafarta. Ba kuka take yi ba, fuskarta a bushe, ta rungume wani farin yadi a ƙirji, a ninke, an ɗaure shi da zare. Likkafani ne. Daga shigar maƙwabciyar zuwa fitowar Inna bai kai a buɗe akwati a tono abu ba. A kusa yake, tun yaushe ban sani ba, ita da kullum take ce min in daina kuka, Malam zai tashi.

Ta tsaya a bakin but ɗin. Suka dubi juna. Ta yi ƙoƙarin tura yadin cikin mayafinta, ya ƙi ɓoyuwa.

"Malam," ta ce.

Baba ya daɗe yana kallon abin da ke hannunta. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa gefen yadin, ya murza shi tsakanin yatsu biyu.

"Mai kyau kika samo," ya ce. "Mayar da shi akwati. Amma kar ki sa shi can ƙasa."